Baƙi Biyu A Birnin Landan

Babban birnin ƙasa kamar zauren gidan attajiri yake. Nan ake shara kowace safiya, nan ake shimfiɗa darduma mai kyau, nan kuma ake sauke baƙo. Wanda ya kwana uku a zaure ya koma garinsu yana iya ba da labarin daɓe da zanen bango da irin tuwon da aka fito masa da shi, kuma duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Amma in ya ce ya san gidan, to, ya yi ƙari, gama bai ga madafa ba, bai leƙa rumbu ba, bai kuwa ji abin da matan gida ke faɗi bayan an kwashe kwanuka ba. Saboda haka duk wanda ya ɗauki littafin da wani ya rubuta bisa ziyarar babban birni, kafin ya tambayi abin da marubucin ya gani, ya kamata ya fara tambaya ta wace ƙofa aka shigar da shi, wa kuma ya riƙe masa hannu.

Akwai labarai biyu cikin Hausa da suka dace a auna su da wannan ma'auni, domin birni ɗaya masu su suka sauka, watau Landan, babban birnin Ingila, shekara 88 tsakaninsu. Na farko shi ne labarin wani yaro Bahaushe da ake kira Dorugu, wanda ya isa can cikin 1855. Na biyu kuwa littafin nan ne na Alhaji Abubakar Imam, Tafiya Mabuɗin Ilmi, wanda aka buga a Zariya cikin 1944, shekara guda bayan tafiyar tasa.

Dorugu mutumin Dambanas ne, wani ƙauye kusa da Kance a ƙasar Damagaram, cikin Jamhuriyar Nijar ta yanzu. An haife shi wajen 1840. Tun yana ƙarami aka kama shi bauta, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har ya faɗa Kukawa, babban birnin Barno na wannan zamani. A can wani Bajamushe matafiyi, Adolf Overweg, ya fanshe shi ya 'yanta shi. Da Overweg ya rasu cikin 1852, sai yaron ya koma hannun abokin tafiyarsa, Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar suka sani da sunan Abdulkarim. Tare da shi ya bi ta Katsina da Sakkwato da Gwandu har Tambutu, suka komo Kano da Kukawa, sa'an nan suka ƙetare Sahara zuwa Tarabulus. Daga nan jirgin ruwa ya kai su Faransa, suka ratsa ta Faris, suka shiga Landan cikin watan Satumba na 1855. Akwai wani yaro na biyu tare da su, Abbega, ɗan kabilar Margi, wanda daga baya ya zama sarkin Lakwaja.

Dorugu bai rubuta labarinsa da hannunsa ba. Faɗa ya yi, wani ya rubuta. Mai rubutun shi ne James Frederick Schön, ɗan mishan wanda ya taɓa hawo kogin Kwara cikin 1841, ya kuma duƙufa kan koyon Hausa domin ya rubuta nahawu da ƙamus, ya juya littattafan addininsa. Ya ajiye yaron a gidansa a Ingila shekaru da dama, yana ɗaukar Hausa daga bakinsa. Labarin ya fito cikin 1885 a wani littafi mai suna Magana Hausa.

Yana da kyau mai karatu ya san irin birnin da yaron nan ya tarar. A wannan lokaci mutanen Landan sun haura miliyan 2. Kano kuwa, wadda Barth ya yi ta mamakin kasuwarta da marinanta, shi da kansa ya kimanta mazaunanta wajen 30,000. Sarauniya Biktoriya ke bisa gado, Ingila tana yaƙi da Rasha a Kirimiya. Ba a fara jirgin ƙarƙashin ƙasa ba sai 1863, babban agogon nan kuma da ake kira Big Ben bai fara bugawa ba sai 1859. Shekara guda kafin zuwansu cutar amai da gudawa ta yi ɓarna a tsakiyar birnin, kogin Tems kuwa ƙazantar gidaje duk cikinsa take zuba. Birni ne mai dukiya da hayaƙi da talauci a haɗe.

Ba wanda ya shirya wa Dorugu ziyara. Ba a tare shi da jawabi ba, ba a kuwa ba shi takardar wuraren da zai gani kowace rana ba. Bara ne, yana bin maigidansa, inda aka ce ya tsaya nan yake tsayawa. Abin mamaki, wannan ƙasƙancin matsayi shi ne ya zama ƙarfin labarinsa. Yaron da ke tsaye a gefe ba a yi masa kwalliyar magana, ba a kuma ɓoye masa kome, domin ba a ɗauka yana lura ba. Ashe kuwa yana lura. Wurin da masu karatu suka fi tunawa cikin kashin Turai na labarin shi ne inda ya bayyana yadda Ingilishi ke cin abinci in sun yi baƙi: yadda maza da mata ke zama tebur guda, yadda ake kawo abinci iri bayan iri, da ladubban da suke yi wa juna a kai. Ya jera su ɗaya bayan ɗaya, ba yabo ba zagi, kamar yadda mutum zai bayyana bikin wata kabila da ya tarar a hanya.

A nan ne darajar labarin take. Barth ya cika manyan littattafai biyar, waɗanda suka fito cikin 1857 da 1858, yana bayyana wa Turawa yadda mutanen ƙasar Hausa da Barno ke ci da sha da ciniki da sarauta. Shekara da shekaru haka abin yake tafiya, Bature ke kallo, baƙar fata ake kallo. Sai ga yaron da ke kiwon raƙuman tafiyar ya juya madubin, ya dubi dangin maigidansa da irin idon da aka dubi nasa. A bakinsa Baturen Landan ya zama mutum mai al'ada, al'adar kuwa abin dubawa ce kamar ta kowa, tana da abin sha'awa, tana da abin dariya. Kafin Turawa su ci ƙasar Hausa da kusan shekara 50 aka yi wannan kallo, shi ya sa babu tsoron mai mulki a cikinsa, babu kuma neman a ce madalla.

Hausarsa mai sauƙi ce ƙwarai. Labarin yana tafiya kamar ayari, a tashi, a yi tafiya, a sauka, a nemi ruwa, gobe a sake. Wanda bai daɗe da gama ajin yaƙi da jahilci ba, ba zai sha wahalar ma'ana ba. Wahalar da zai sha ta rubutu ce, gama Schön bai rarrabe tsakanin k da ƙ ba, ko d da ɗ, ya kuma rubuta kalmomi yadda kunnensa na Bajamushe ya jiyo masa.

Amma fa labarin yana da nasa gibi, kada a ɗauke shi kamar wanda ba a taɓa ba. Yaro ne ɗan shekara 15 ko 16, yana magana da dattijon da ke ciyar da shi, yana tufatar da shi, yana kuma koya masa addininsa. Wanda ke cin tuwon mutum ba kome yake faɗa masa a fuska ba. Har wa yau, Schön kalmomi yake nema, don haka abin da ya tambaya shi aka ba shi, alƙalami kuwa a hannunsa yake. Sa'an nan mafi yawan labarin a kan hanyar Afirka ya ƙare, Turai ta samu ɗan kashi ne daga ƙarshe, har da zuwansu Hamburg ta Jamus, garin su Barth. Dorugu yana faɗin abin da ido ya gani, amma ba ya bin sawun dalili. Wanda ke so ya san yadda ake mulkin birnin, ko inda dukiyarsa ke fitowa, ba zai samu a wurinsa ba.

Abubakar Imam ta babbar ƙofa ya shiga. An haife shi a Kagara cikin 1911, ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya koyar a makarantar Midil ta Katsina. Kafin tafiyar ya riga ya rubuta Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, kuma shi ne editan Hausa na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo tun da aka fara ta cikin Janairu 1939. Cikin 1943 wata hukumar Ingila da ake kira British Council ta gayyaci editoci takwas daga ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Ingila, su zo su ga ƙasar da idonsu. Daga Nijeriya akwai Nnamdi Azikiwe, mai jaridar West African Pilot ta Ikko, akwai kuma Imam, shi kaɗai daga Arewa.

Ba don shan iska aka gayyace su ba. Ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Ingila tana bukatar sojoji da gyaɗa da kuza daga Nijeriya. Cikin shekarar nan ce aka kwashi rundunar sojan Afirka ta Yamma zuwa Indiya domin yaƙin Bama, da yawansu kuwa masu jin Hausa ne. Ita kanta Gaskiya Ta Fi Kwabo, cikin dalilan kafa ta har da kashe jita-jitar da ta bazu cewa za a miƙa Nijeriya ga Jamus. To, gwamnatin da ke cikin wannan hali in ta ɗauki editan jarida ta biya masa jirgi da masauki, ta san abin da take so ya komo ya faɗa. Irin wannan ayari akan tsara masa kwanakinsa tun kafin ya sauka, yau majalisa, gobe masana'anta, jibi ofishin jarida, ko'ina kuwa da jagora a gaba.

Landan ɗin da Imam ya tarar ba ta Dorugu ba ce. Daga Satumba 1940 zuwa Mayu 1941 jiragen saman Jamus sun yi ta yi mata ruwan bom, unguwanni da dama sun zama kufai. Zauren da wakilan jama'a ke zama ya ƙone a daren 10 ga Mayu 1941, har suka koma aron zauren dattawa. Abinci da tufafi sai da takardar rabo, da dare kuma ba a barin haske ya fita ta taga. Baƙon da ya ga mutane sun jure wannan, suna tsayawa layi ba hayaniya, suna tafiya aikinsu ta gefen rusassun gidaje, in ya yaba musu bai yi ƙarya ba. Sai dai wannan yabo shi ne ainihin abin da mai masauki ke so a kai gida. A irin wannan wuri gaskiyar baƙo da bukatar mai gida sukan hau doki guda, har ya yi wuya a gane wa ke riƙe da linzami.

Abin da Imam ya fi Dorugu da shi a fili yake. Ya ji Turanci, ya karanta tarihin ƙasar, yana iya tambaya a ba shi amsa. Ya kuma san waɗanda yake rubuta wa: malaman makaranta, da ma'aikatan En'e, da 'yan kasuwa, da dubban mutanen da ba su iya karatu ba amma sukan zauna a karanta musu jarida a zaure ko a gindin bishiya. Gwanintarsa, wadda duk mai karanta Magana Jari Ce ya sani, ita ce ya ɗauko abin da mutum bai taɓa gani ba ya jingina shi da abin da ya sani, ya sa karin magana inda ta dace, ya sa raha inda bayani zai yi nauyi. Malami ne ya tafi ya gano, ya komo yana karantar da aji. Sunan littafin ma ya nuna haka, domin tun ba a buɗe shi ba an riga an gaya wa mai karatu cewa darasi za a ɗauko. (Haka Malam Aminu Kano ya yi da nasa littafin tafiya na 1955, shi ma karin magana ya sa masa, Motsi Ya Fi Zama. Dorugu kuwa ba shi da wani darasi da ya yi alkawari.)

To, a nan ne ya kamata mai karatu ya yi hattara. Wanda ya tafi neman darasi yakan ga darasi ko'ina, birnin kuma sai ya zama allo, ya daina zama gari mai mutane. Bayan haka, ofishin talifi na Zariya da ya buga littafin na Gwamnatin mulkin mallaka ne, cikin kwanakin yaƙi kuwa. Ba wurin da za a nemi dukan abin da ke cikin zuciyar marubuci ba ne.

Duk da haka kuskure ne babba a ce Imam kakakin Turawa ne kurum, abubuwa biyu da suka faru cikin tafiyar nan sun isa shaida. Azikiwe ya shirya wata takarda da za a miƙa wa Sakataren Ƙasashen Mallaka, yana kafa hujja da alkawarin da Churchill da Roosevelt suka yi cikin 1941 cewa kowace al'umma tana da ikon zaɓen irin mulkin da take so. Takardar ta nemi a ba da shekara 10 na mulkin wakilai, a bi da shekara 5 na cikakken mulkin kai. Imam ya ƙi sa hannu, yana ganin ba a shawarci mutanen Arewa ba, Arewa kuwa tana baya ƙwarai wajen ilmin zamani. Wanda ya tsaya nan zai ce ai ga shi, ya bi Turawa. Amma cikin wannan tafiya ce kuma ya sadu da Lugga, watau Lord Lugard, mutumin da a ƙarƙashinsa aka ci Kano da Sakkwato cikin 1903, wanda a lokacin tsoho ne ɗan shekara 85. Imam ya zayyana masa illolin tsarin da shi Luggan ya kafa da hannunsa: Turawan mulki sarakuna kaɗai suke saurara, samarin da suka yi karatu ba su da bakin magana, talaka kuwa ba shi da inda zai kai kuka. Ya kuma bi bayan maganar da wasiƙu.

Waɗannan wasiƙu da Turanci aka rubuta su. Ana samun su cikin littafin tarihin rayuwar Imam da Abdurrahman Mora ya tsara, wanda ya fito cikin 1989, bayan rasuwar Imam da shekara 8, shi ma da Turanci. Lalle Imam ya riƙa taɓo irin waɗannan matsaloli cikin jaridarsa, ba a ce ya ɓoye wa mutanensa ra'ayinsa ba. Amma abin lura ne cewa tafiya ɗaya ta haifi rubutu iri biyu, littafi da Hausa domin jama'a, wasiƙu da Turanci domin tsohon Gwamna. Mutumin da Hausa kaɗai ya iya karantawa, wanda kuwa shi ne talakan da ake maganarsa, rabonsa ya faɗa kan na farko. Wannan hasara ce da har yanzu ana iya gyarawa, in aka samu mai juya wasiƙun zuwa Hausa ya buga su a bayan littafin tafiyar, domin a karanta su tare.

Ba Imam ne ya fara irin wannan ziyara ta gayyata ba. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya je Ingila cikin 1921, ya gana da Sarki Joji na Biyar, ya sake komawa cikin 1924. Cikin 1934 Sarkin Musulmi Hasan da Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Sarkin Gwandu Usman suka tafi tare. Turawa sun yi nufin manyan baƙin nan su ga ƙarfin Ingila su komo da girmamawa. Wani masanin tarihi, Moses Ochonu, ya bi diddigin waɗannan tafiye-tafiye cikin littafinsa Emirs in London na 2022, ya nuna cewa baƙin su ma da nasu nufi suka tafi, sun zaɓi abin da za su ɗauko, sun kuma yi amfani da labarin tafiyar wajen ƙara wa kansu daraja a gida. Wannan magana ta hau kan Imam daidai. An riƙe masa hannu, amma ɗaya hannun nasa a sake yake.

In aka ce wanne ya fi cikin biyun, amsar ta danganta ga abin da mutum ke nema. Wajen daɗin harshe da tsari da yawan abin da za a ƙaru da shi, Imam yana gaba nesa, kuma ba abin mamaki ba ne, gama marubuci ne da ya gwanance, ɗayan kuwa yaro ne da ake yi wa tambaya. Amma wajen kallon Bature ido da ido, ba tare da jin cewa shi ne ma'aunin kome ba, yaron ya yi abin da ya yi wa na bayansa wuya. Tsakanin 1855 da 1943 Landan ta tashi daga zama wani gari mai nisa da baƙin al'adu, ta zama inda ake yanke hukuncin abin da zai faru a Kano da Zariya. Mutum ba ya duban gidan mai mulkinsa kamar yadda yake duban gidan wanda suka haɗu a hanya. Ma'aunin nan kuma bai tsaya kan Landan ba. Wanda wata ƙungiya ta ɗauka a mota ta kai shi Abuja, wadda ta karɓi matsayin babban birnin Nijeriya daga Ikko cikin 1991, aka nuna masa Babban Masallaci da Majalisa da faffaɗan tituna, bai ga Nyanya ko Mararaba ba, inda da yawa daga masu share titunan nan suke kwana.

Dorugu ya komo Afirka cikin 1864, ya yi aikin tafinta wa Turawa matafiya da ma'aikata shekaru masu yawa. A ƙarshen rayuwarsa Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya ɗauke shi aiki a makarantar da ya buɗe a Nasarawa ta Kano cikin 1909, yana koya wa malamai da yara rubutun boko, irin wanda daga baya aka buga Gaskiya Ta Fi Kwabo da shi. A nan Kano ya rasu cikin 1912, Abubakar Imam yana goye a Kagara.